Yayana Yana Cikin Waɗanda Aka Ce "Sama Da Ɗari"

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ni mutumin ƙauye ne a ƙasar Garun Malam, kudu da Kano, yankin da ruwan madatsar Tiga yake shayarwa. Da damina shinkafa muke yi, da rani kuma tumatir da albasa, wani lokaci alkama. Bokona bai yi nisa ba, amma ina iya haɗa baƙi, kuma akwai maganar da na daɗe ina son in ajiye a rubuce tun ina da ran yi. Maganar yayana ce, wanda ya rasu a Babban Masallacin Juma'a na Kano ranar 28 ga Nuwamba, 2014, da kuma abin da garinmu ya yi da wannan rashi daga baya.

Mahaifinmu ya rasu ina ɗan ƙarami, ko kamanninsa ban riƙe sosai ba. Yaya shi ne ɗan fari, ni ne auta, tsakaninmu mata uku. Tun bai tsayar da gemu ba gida ya dawo wuyansa. Shi ya aurar da 'yan'uwanmu mata, shi ya sa ni makarantar allo da ta boko, shi ne kuma ya kama hannuna ya damƙa ni ga wani ɗan garinmu mai shago a Kantin Kwari, ya ce in je in koyi kasuwa, gonar da muka gada ba za ta ɗauki gida biyu ba. Ba mutum ne mai yawan magana ba. Idan na yi laifi ba ya faɗa, sai dai ya dube ni ya ce, "Auta, haka muka yi da kai?" Wannan tambaya ta fi mini bulala zafi. Yana da tabo a bayan hannunsa na hagu, inda lauje ya yanke shi yana yaro wajen yankan shinkafa.

A 2011 na shiga birni, don haka abin da Kano ta gani a shekarun nan a kan idona aka yi. Ranar Juma'a 20 ga Janairu, 2012, bayan la'asar, muna shirin rufe shago muka ji ƙasa ta girgiza. Kafin dare an kai hari hedikwatar 'yan sanda ta Bompai, da ofishin shiyya ta ɗaya da ke titin BUK, da ofishin fasfo na Farm Centre, da na jami'an tsaro na farin kaya, da wasu caji ofis. 'Yan sanda da bakinsu suka ce mutum 185 suka mutu. A cikinsu har da ɗan jaridar gidan talabijin na Channels, Enenche Akogwu, wanda aka harbe yana bakin aikinsa. Aka sa dokar hana fita ba dare ba rana, muka kwana muka wuni a ɗaki ba mu san halin da na waje yake ciki ba.

Shekara ta zagayo, ranar 19 ga Janairu, 2013, aka buɗe wa motar Mai Martaba Sarki Ado Bayero wuta kusa da Masallacin Murtala. Allah ya tserar da shi, amma direbansa ya rasu, da dogaran da suka sa jikinsu tsakaninsa da harsashi. Bayan wannan ne gwamnati ta hana acaɓa, Adaidaita Sahu ta cika gari. A watan Maris na shekarar bam ya tashi a tashar New Road ta Sabon Gari, ya ƙone motocin da ke shirin tafiya kudu da fasinjojin da ke ciki. Muka saba da shingen sojoji, da sauka daga babur a tura shi, da lalube jiki kafin a shiga masallaci. A ƙauye kuwa a rediyo ake jin duk wannan. A yi salati, a ce Allah ya kyauta, a koma gona. Duk zuwana gida Inna sai ta ce, "Ka dawo haka nan, birnin nan ya lalace." Yaya kuma ya ce, "Inna, ki bar shi ya nemi na kansa. Inda ajali yake, nan mutum zai je."

Kakar 2014 ta yi mana kyau. An sa ranar aurena da wata yarinya 'yar maƙwabtan garinmu, wadda ita ce uwar 'ya'yana yanzu. Yaya ya sayar da shanshera a Kura, ya ƙulle kuɗin, ya yi sammako ranar Juma'a ya same ni a Kwari don mu haɗa lefe. Muka zaɓi atamfofi da leshi da shadda da mayafai, ubangidana ya yi mana ragi mai yawa. Yaya ya ɗauki wani turmin atamfa ruwan ganye yana juyawa, ya ce, "Wannan Inna za a ɗinka wa. Ita ma ai uwar ango ce." Muka bar kayan a shago, da niyyar in an sauko daga masallaci mu ɗauka mu wuce gida tare.

Akwai masallatan Juma'a kusa da mu, amma Yaya ya ce shi Masallacin Sarki yake so. Wanda ya tashi a birni ba zai gane ba, amma ga mutumin ƙauye, yin sallah a wannan masallaci na jikin Gidan Rumfa abu ne da zai koma gida ya ba da labarinsa. Mun isa a makare, ciki ya cika, muka shimfiɗa darduma ɗaya a fili muka zauna a kanta mu biyu. Ko'ina jama'a ce: 'yan kasuwar Kurmi da ta Rimi, almajirai, 'yan cin rani, tsofaffi masu dogara sanda, yara da iyayensu suka riƙo wa hannu. Sarki Muhammadu Sanusi II ba ya ƙasar a ranar. Aka gama huɗuba, aka tayar da iƙama, kafaɗata tana jikin ta Yaya. Liman ya yi kabbara, muka yi.

Wata iska mai zafi ce ta ɗauke ni ta yar. Da na buɗe ido ƙura da hayaƙi sun rufe ko'ina, kunnena na hagu ya toshe, har yau kuma bai buɗe ba. Na yunƙura in tashi, ƙafa ta ƙi. Wani ƙarfe ya shige cinyata, jini yana ta zuba. Sai wani bam ɗin ya sake tashi, sai harbi. Mutane suna gudu ana harbinsu, wanda ya faɗi a bi ta kansa. Ina ta kiran "Yaya! Yaya!" amma ko ni ba na jin muryata.

Ba zan faɗi duk abin da idona ya gani a filin nan ba. Akwai iyayen da za su karanta wannan, 'ya'yansu suna cikin waɗanda na gani. Abin da nake so a sani shi ne ba kowa ne ya gudu ba. Akwai samarin da suka juyo da duwatsu da sanduna suka tunkari masu bindiga, ba su da ko wuƙa, har suka ci ƙarfin wasu daga cikinsu. Da ba su yi haka ba, da harbin ya ci gaba, Allah kaɗai ya san inda adadin zai tsaya. Na ga wani dattijo ya kwanta a kan wani yaro ya lulluɓe shi da babbar rigarsa.

Wani mai Adaidaita Sahu ne ya ɗauke ni. Saurayi ne baƙi siriri, da rigar ƙwallo a jikinsa. Ya cire ɗan rawanin da ke wuyansa ya ɗaure mini cinya tamau, ya kinkime ni ya sa a baya tare da wasu mutum biyu. Duk hanya yana waiwayowa yana cewa, "Yi ta salati, ɗan'uwa, kar ka yi barci. Mun kusa." Da muka isa asibitin Murtala ya sauke mu, ya juya a guje, na ji yana ce wa wani, "Akwai saura." Ban ƙara ganinsa ba. Abin da yake neman abincinsa da shi duk ya ɓaci da jininmu, babu wanda ya biya shi ko sisi, kuma wurin da ya koma a lokacin babu mai tabbacin an gama tashin bam.

A asibiti gadaje sun ƙare, a ƙasa aka kwantar da mu. Likitoci da ma'aikatan jinya waɗanda suka tashi daga aiki suka dawo da kansu. Aka yi shela ana neman jini, mutane suka zo suka yi layi. Ni ma an ƙara mini, na wani bawan Allah da ban taɓa gani ba. Wasu aka wuce da su asibitin Nasarawa, wasu na Malam Aminu Kano, masu karaya kuma Dala.

Baffanmu da ɗan maigari suka shigo birni tun a daren, suka same ni, sannan suka shiga neman Yaya daga wannan asibiti zuwa wancan. Sai hantsin Asabar suka gan shi cikin gawawwaki. Da tabon hannunsa suka tabbatar. A aljihunsa akwai rasit ɗin kayan lefe da ragowar kuɗi. Harsashi ne ya same shi a ƙirji. Aka sa shi a a-kori-kura aka kai shi gida, aka yi masa sutura ina kwance. Baffa ya ɓoye mini, duk sanda na tambaya sai ya ce, "Yana wani asibitin, ka ji da kanka tukuna." Sai da aka yi sadakar uku sannan ya zauna a gefena, ya dafa ni ya ce, "Auta, sai haƙuri. Yayanka ya riga mu gidan gaskiya."

Daga baya wani mai goro ɗan garin da ke gabas da mu, wanda shi ma yana wurin, ya zo gaisuwa. Ya ce ya ga Yaya bayan tashin bam na farko, lafiyarsa ƙalau, har ya kai bakin titi. Ya ɗauko wani tsoho ya jingine shi a jikin bango, sai ya juya zai koma cikin hayaƙin. Mai goron ya riƙe masa riga ya ce, "Malam, harbi fa ake yi!" Yaya ya fizge ya ce, "Ƙanena yana ciki."

Ban gama warkewa ba aka ce bam ya tashi a Kwari, ranar 10 ga Disamba, 'yan mata aka ɗaura wa. Wata 'yar shekara 13 a cikinsu ta ƙi tayar da nata. Daga nan na san zamana a birni ya ƙare. Na dawo gida da sanda. Ubangidana ya aiko da kayan lefen har ƙofar gida, ya kuma yafe ragowar kuɗin da yake bin mu, Allah ya saka masa.

Na daɗe ba na iya kallon akwatin nan. Kullum zuciyata tana ce mini ba don aurenka ba da yanzu yana gona. Wata rana na furta haka a gaban Inna. Ta ce, "Kul na ƙara jin wannan a bakinka. Ya tafi ranar Juma'a, da alwalarsa, daga sahun sallah. Kai ka san inda taka za ta same ka?" Ita ce ta matsa aka yi bikin da shekara ta juyo, kuma atamfar nan ruwan ganye ta ɗaura.

Duk Bahaushe ya san kunyar ɗan fari. Tunda nake ban taɓa jin Inna ta kira sunan Yaya ba. "Yayanku" take cewa, ko "wancan". Ba ta zama su yi hira, ba ta yabonsa a gaban mutane. Da ya rasu ma, an ce mini mata suna ta kuka a tsakar gida, ita tana zaune a tabarma da carbi tana amsa gaisuwa, idonta a bushe, har wasu suka riƙa cewa tsohuwar nan akwai taurin rai. Wani dare ciwon ƙafa ya hana ni barci, na fito zan zaga, sai na ji muryarta ƙasa-ƙasa a ɗaki. Sunansa take kira, sunan yanka, tana maimaitawa, tana cewa, "Ya Allah, ga shi nan na ba ka. Bai taɓa saɓa mini ba. Ka yi masa abin da ban iya yi masa ba." Na tsaya riƙe da sanda har ta gama. Ban taɓa gaya mata na ji ba har ita ma ta koma ga Allah.

Rediyo ta ce sama da mutum 100 suka rasu a masallacin. Wasu kafofin suka ce 120, da masu rauni 270. Manya suka zo jaje, Sarki ya dawo ya je masallacin, aka wanke filin, aka ci gaba da sallah. Hakan daidai ne, ni ma ba zan so a rufe ɗakin Allah ko na yini ɗaya saboda azzalumai ba. Amma maganar nan ta "sama da ɗari" ta tsaya mini a wuya. Yayana mai mata da 'ya'ya huɗu da ciki, wanda ya riƙe gida tun yana yaro, ya shige cikin lissafin da ba a ma ƙarasa ba. Kuma akwai irinsa da yawa, waɗanda 'yan'uwa suka kwashe zuwa ƙauyuka aka binne kafin wani ya zo da biro. Akwai almajirin da iyayensa suke can wani ƙauyen Jigawa ko Katsina, sai daga baya labari ya kai musu. Akwai ɗan cin ranin da matarsa ta yi ta duban hanya har damina ta faɗi. An zo an ɗauki sunayenmu a takarda a lokacin aka ce za a taimaka, gidanmu dai bai ga komai ba, amma wallahi ba wannan ne ya fi damuna ba. Abin da ya dame ni shi ne bayan an yi arba'in sai aka daina maganar, har a garinmu.

Da shekara ta kusa cika na je wurin limamin garinmu na ce, "Allah ya gafarta Malam, ina so a yi wani abu." Maganar ta fita majalisa, kan mutane ya rabu. Dattawa suka ce wanda ya mutu ya mutu, a yi masa addu'a a bar wa Allah, tone-tone fama miki ne. Samari masu karatu suka ce ware rana domin mamaci bidi'a ce, al'adar Turawa ce ta ajiye furanni da yin shiru na minti ɗaya. Ban raina maganar kowa ba, ni ma ba furanni nake nufi ba. Amma na tambaye su, yaya aka yi muka san Sayyidina Hamza da Mus'abu ɗan Umairu sun yi shahada a Uhudu? Ai wani ne ya riƙe sunayen ya miƙa wa wani, har suka iso gare mu bayan shekara sama da 1,400. Manzon Allah (SAW) da kansa ya ziyarci shahidan Uhudu ya yi musu addu'a, alhazanmu ma har gobe suna zuwa. Ni na yarda da ƙaddara, na kuma yi haƙuri. Mantuwa ce ban yarda da ita ba, kuma ban ga inda addini ya ce in manta ba.

Muna cikin wannan ja-in-ja, ranar Juma'a 27 ga Nuwamba, 2015, gobe shekarar Yaya za ta cika, bam ya tashi a Dakasoye, a kan titin Zariya, cikin ƙaramar hukumarmu. 'Yan Shi'a ne masu tattaki daga Kano zuwa Zariya, wani ya kutsa cikinsu ya tayar, sama da mutum 20 suka rasu. Titin da muke bi kullum ne, shi muke hawa mu kai tumatir Kwanar Gafan. Wasu samarin garinmu da ke kan hanya suna cikin waɗanda suka ɗauki masu rauni, suka dawo gida riguna jina-jina. Da daddare a majalisa wani ya fara cewa, "Ai su dama..." Liman bai bari ya ƙarasa ba. Ya ce, "Ai su me? Wanda ya kashe su shi ya kashe ɗan'uwanku a sahun sallah bara. Ya tsaya tambayarsa aƙidarsa? Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe." Daga ranar ban ƙara jin wani ya ce abin birni ne ba.

Liman ne ya kawo mafita, kuma ta fi abin da nake tunani. Ya ce ba za mu ware rana ba, ba za mu kafa rumfa da lasifika ba. Ya ce wanda yake son ya tuna da mamaci ya dubi abin da mamacin ya bari. Ya kawo hadisin da Annabi ya nuna yatsunsa biyu ya ce haka shi da mai kula da maraya za su kasance a Aljanna. Sannan ya ce, "Gonar marigayi ba za ta zama saura ba muna raye." Ni a lokacin ƙafata ba ta iya shiga taɓo, babban ɗan Yaya kuma bai isa riƙe garma ba, har matar Yaya ta fara tunanin ba da gonar jingina.

Aka kira gayya. Ranar dashe samari suka shiga ruwa tun da asuba. Da kaka ta yi suka dawo da lauje, aka yanke, aka shimfiɗa tamfol aka buge a jikin durom, mata suka zo da faya-fayi suka shiƙe. Gidaje suka aiko da kunu da fura da ɗanwake ba tare da an roƙa ba. Aka auna, aka fitar da zakka, sauran buhunan aka jere su a ɗakin matar Yaya. Samarin nan da suka ce bidi'a su suka riga kowa zuwa, su ne kuma na ƙarshen tashi, ina faɗin haka ne don a yaba musu. Da aka gama aka wanke hannu aka zauna a gindin mangwaro, Liman ya ambaci sunan Yaya da na mahaifinmu, ya yi addu'a, kowa ya shafa. Babu wanda ya ce uffan. Tun daga lokacin duk shekara ana yi, kuma ba gonarmu kaɗai ba, gayyar ta koma ta duk gonar marayu a garin.

Daga gindin mangwaron nan maganar littafi ta taso. Na sayo mai bangon kwali, ni ina rubutawa da boko, Liman yana yi da ajami a shafin da ke kallonsa. Sunan mutum, sunan mahaifinsa, garinsu, inda abin ya same shi, ranar, da waɗanda ya bari. Ashe ba mu kaɗai ba ne. Da labari ya bazu sai ga mutane daga ƙauyukan kewaye, wannan ɗansa a masallaci, wancan ƙaninsa a kasuwar waya ta Farm Centre a 2015, wani kuma ɗan'uwansa soja ne da aka kai Borno bai dawo ba. Ba zan sa sunayen a nan ba, haƙƙin iyalansu ne. A ƙarshen littafin muka ware shafuka na waɗanda suka taimaka. Wanda ba mu san sunansa ba mu rubuta siffarsa. Akwai "mai Adaidaita Sahu mai rigar ƙwallo". Akwai "dattijo mai babbar riga", da "samarin da suka tari masu bindiga", da "waɗanda suka ba da jini", da dogaran Sarki Ado. Su ma ana ambatonsu a addu'a, rayayyu da matattu.

Matar Yaya ta haihu bayan rasuwarsa, namiji, aka mayar masa da sunan mahaifinsa, muna kiransa Magaji. Da ya yi wayo ya fara tambaya, wasu suka ce kar a gaya masa, a ce rashin lafiya ce. Na ƙi. Na zaunar da shi da yayyensa na gaya musu komai daidai hankalinsu, har maganar da mahaifinsu ya faɗa wa mai goro. Ina so su san ubansu ya kai bakin titi ya tsira, ya juya da ƙafarsa saboda wani. Ina kuma so su san abin da bam yake yi wa gida, domin masu yaudarar yara da sunan jihadi suna samun shiga ne wurin yaron da ba a taɓa nuna masa maraya an ce ga aikinsu ba. Yaran da aka haifa bayan 2014 yanzu sun fara tasowa, da yawansu ba su san an taɓa lalube mutum a ƙofar masallaci a Kano ba. Alhamdulillahi da zaman lafiya, amma in ba mu gaya musu ba, wani zai gaya musu nasa.

Ranar 28 ga Nuwamba, 2020, ranar da Yaya ya cika shekara shida, aka bi manoman shinkafa na Zabarmari a jihar Borno har gona aka yi musu yankan rago. Washegari aka yi jana'izar mutum 43. Mu ma a lokacin shinkafa ce a gabanmu. Da labarin ya zo a rediyo mutane suka ajiye aiki, wani dattijo ya zauna a kan buhu yana ta maimaita innalillahi. Ba mu da sunayensu, sai muka rubuta "manoman shinkafa na Zabarmari, 'yan'uwanmu a sana'a", muka yi musu addu'a.

Na san duk 15 ga Janairu gwamnati tana tunawa da sojojin da suka kwanta dama, kuma sun cancanta. Roƙona shi ne a yi wa farar hula ko da rajista ce. Ba abu ne mai wuya ba a ƙasar Kano da Jigawa. Mai unguwa ya san kowane gida, dagaci ya san masu unguwanninsa, hakimi ya san dagatansa. In masarauta ta ce a kawo sunan duk wanda ya rasu a waɗannan hare-hare, Musulmi da Kirista, ɗan gari da baƙo, da marayun da ya bari, kafin damina biyu an haɗa. Iyayen da suka san sunayen suna ta tafiya, Inna ma ta tafi. Kafin a yi hakan, duk wanda yake da irin wannan rashi a garinsu ya sayi littafi ya kai wa liman ko maigari. Kuma in Allah ya sa wannan rubutu ya kai ga mai Adaidaita Sahun nan, ya sani wanda ya ɗaure wa cinya yana raye, ya yi aure, yana da 'ya'ya, kuma ba ya sallah bai sa shi a addu'a ba.

A gayyar bara, muna zaune bayan an gama bugu, sai ga wata tsohuwa daga wani ƙauye can gaba da mu, jikanta yana riƙe da hannunta. Ta durƙusa nesa kaɗan ta gaida Liman. Ta ce ta ji ana rubuta sunaye. Ɗanta yana cikin waɗanda aka kashe a Kano ranar 20 ga Janairu, 2012, yana bakin aiki, ya bar 'ya'ya uku a hannunta. Ta yi jim, sannan ta ce, "Malam, shi ma za a sa shi? Don ɗan sanda ne." Liman ya miƙo mini littafin ya ce, "Iya, matso kusa. Faɗi sunansa da na mahaifinsa." Ashe shi ma ɗan fari ne, sai jikan ne ya faɗa. Muka rubuta, na tambaye ta ko marayun suna da gona, ta ce akwai 'yar ƙarama a bayan gari. Samari suka ce a sa ta cikin gayyar bana.